Kwano Biyu na Baba Atu

Dayi, Satumba 2021

Zuwa ga Yaya Fibi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya Jos, yaya maigida da yara? Matata Murna tana gaishe ki. Tun da aka rufe layukan waya a yankinmu ba mu ji muryarki ba, shi ya sa na roƙi Maitama direba ya kawo miki wannan takarda. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Ran Talata da safe muna gonar dawa ta bayan rafi, ni da Baba, muna cire wuta-wuta. Na ɗago kai sai na gan shi tsaye a kan kunya, ya dafa fartanya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya danne ƙirji. Raɓa ba ta ko bushe ba, amma gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Yi aikinka, dawa nake kallo." Na ce, "Baba, ai idonka a rufe yake." Ya ce, "To, da ido kaɗai ake kallon dawa?" Ya yi dariya, amma hannun bai bar ƙirjin ba sai da aka jima.

Ba ranar ce farko ba. Tun farkon damina na lura in za mu hau gangaren rafi sai ya tsaya a tsakiya, ya ce ƙaya ce a takalmi. Takalmin ba ya da ƙayar komai, na duba.

Ni ban iya sa shi zuwa asibiti ba. Murna ce ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa ta ce ba za ta tashi ba, ya ce to kada ta tara masa jama'a. Muka je Malumfashi bai ci komai ba, don an ce haka ake ɗibar jinin. Da sakamako ya fito, wata ma'aikaciya mai haƙuri ta zaunar da mu. Ta ce kitse ne ya yi yawa a jininsa. Sunansa na asibiti kolestarol, amma ta ce in riƙe kitsen jini kawai.

Baba ya ɗaga rigarsa a gabanta ya ce, "'Yata, ƙirga haƙarƙarin nan. Ina kitse ya samu wurin zama?" Ta yi dariya ta ce ba kitsen tumbi ba ne, siriri ma yana samunsa. Hanta ce ke yin mafi yawansa, abinci ya ƙara a kai, kuma akwai zuriyar da hantarsu ke yin fiye da kima, gado ne. Ta ce iri biyu ne, akwai mai share hanya, akwai mai mannewa, na Baba mai mannewar ne ya hau. Ta tambaye shi ko yana noman rani. Ya ce yana taɓawa. Ta ce to kamar tiyon ban ruwa ne da laka ke kwanciya a cikinsa shekara da shekaru. Daga waje tiyo lafiya lau, ruwa na fita, sai dai yana ragewa. Ranar da wani dunƙule ya ɓalle ya toshe, in a jijiyar zuciya ne bugun zuciya ke nan, in a ta kai ce shanyewar ɓarin jiki. Abin da ya fi tsaya mini, ta ce shi kansa ba ya ciwo. Mutum ba ya jin komai sai hanya ta riga ta tsuke.

Yaya, ina zaune a wurin na tuna Baffa da ya faɗi a gonar auduga, aka ce iska ce ta buge shi. Shi ma siriri ne.

An hana Baba man shanu, kakide, kitsen nama, kayan ciki da soye-soye. An ce ya riƙa cin wake, dawa, gero, zogale, kuɓewa, rama da kifi, man gyaɗa kuma ɗan kaɗan. An ba shi ƙwaya ɗaya kullum da yamma, ba a dainawa don an ji sauƙi. Likita ya ce ciwon ƙirjin nan ba abin jira ba ne, a kai shi babban asibiti a duba zuciyar kanta. Baba ya ce sai an yanke dawa. Na yi magiya, ya ce in na ƙara, ƙwayar ma ba zai sha ba. Ya kuma hana a gaya wa kowa a gari, har amininsa Malam Maiwada.

An ce mu 'ya'yansa mu je a duba namu. Na ba da nawa, lafiya lau. Saura ke.

Ƙanenki, Mark

*

Jos, Oktoba 2021

Ƙanena Mark,

Na samu saƙonka ta hannun Maitama, na gode. Mu nan lafiya, sai aikin makaranta da sanyin Jos. Ka gaishe da Baba sosai, ka gaishe da Murna, da Malam Maiwada da Inno matarsa.

Na karanta takardarka har sau biyu, da na natsu sai na ga ka tsorata da yawa. Mutum mai shekarun Baba yana duƙe a gona tun asuba, in ya miƙe ya dafa ƙirji, wannan gajiya ce. Kuma ka san asibiti, in ka kai kanka da ƙafarka ba za su bar ka ka fito haka nan ba. Ciwon kitse na masu manyan motoci ne da ke zaune a ofis. Baba fa? Tun ina yarinya ban taɓa ganin ya cika wando ba.

Mama Yabo, Allah ya ba ta hutu, ba ta taɓa miƙa masa tuwo ba man shanu ba, ko a shekarar da fari ya cinye mana gero. Takan sayar da kazarta ta saya. Da wannan man ya noma gonakin da suka kai ni makaranta. Yanzu da tsufa ya zo, lokacin da ya fi bukatar abin da zai riƙe shi, za a ce ya ci ganye kamar akuya?

Ka ba shi ƙwayar, ban hana ba. Amma kada a taɓa masa abinci. Murna yarinya ce, ban ce tana da mugun nufi ba, sai dai hannu in ya saba ragewa ba ya komawa.

Batun nawa jinin, lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. In na samu sarari zan duba.

Yayarka, Fibi

*

Dayi, Oktoba 2021

Yaya Fibi,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, mun fara karyar masara, waken soya ma ya kusa. Baba ya ji gaisuwarki, ya ce Allah ya yi miki albarka. Sauran takardar ban karanta masa ba.

Abin da ban zata ba, Baba ya bi dokar asibiti fiye da yadda na yi tsammani. Shi ke tuna mini da ƙwaya. Murna tana iyakar ƙoƙarinta. Miyar kuka da wake da busasshen kifi, kwaɗon zogale, faten tsaki da rama, cokali ɗaya na man gyaɗa a tukunya. Mu duka shi muke ci, don kada ya ji ƙamshin wani abu daga ɗakinmu. Ba rowa ba ce, Yaya. Kifin ma ya fi man tsada.

Matsalar daga ciyayya ta fito. Kin san tabarmar ƙofar gidan Malam Maiwada, inda Baba ke kai kwanonsa tun kafin a haife mu. Yana jira aminansa su fito daga sallar magariba, kowa ya ajiye na gidansa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a sa hannu tare. Ranar farko da aka buɗe namu, Almustapha Maƙeri ya leƙa ya ce, "Atu, ɓarayin daji sun kore muku shanu har da na cikin miya?" Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Sai aka buɗe na Inno, man shanu na yawo a kai. Baba ya janye hannunsa. Malam Maiwada ya dube shi ya ce, "Tun muna samari kake cin tuwon gidan nan. Yau ka ga wani abu a ciki ne?" Baba ya ce cikinsa ne a cike. Malam ya rufe kwanon.

Almustapha ne ya ba ni labarin a maƙera, yana tambayata ko wani abu ya haɗa su.

Tun ranar Baba bai koma ba. Na ce masa, "Baba, ka gaya musu gaskiya mana, ai aminanka ne." Ya ce, "In ce musu me? Atu ya yi ƙiba a jini? Gobe in an kira gayya su ce a bar Atu ya huta, jibi su fara gaishe ni da sannu da jiki. Kuma in kai kwano tsirara kullum, in ci nasu ba zan iya ba, su ci nawa ba daɗi. Wannan ba ciyayya ba ce."

Yanzu a gindin rumbu yake ci, shi kaɗai. Ina kallonsa daga nesa. Yakan yi loma kaɗan ya ture kwanon, ya juya kunne wajen da hirarsu ke tasowa. Ya ɗan rame, ya ƙara wa mazagin wandonsa ƙulli. Ma'aikaciyar ta ce abincin ya isa ya riƙe shi in yana cinyewa. Ba mai ne ya rasa ba, abokan ci ya rasa. Na rasa yadda zan yi da wannan, don babu ƙwayarsa a asibiti.

Wani abu kuma, kada ranki ya ɓaci. Ma'aikaciyar ta nuna mini wasu 'yan tabo masu ruwan ɗorawa a fatar idon Baba, wajen hanci. Ta ce sau da yawa kitsen jini ne ke fitowa a nan. Da Kirsimetin bara kina tankaɗe a rana, na ga irinsu a idonki na hagu. Don Allah ki je.

Ƙanenki, Mark

*

Jos, Nuwamba 2021

Mark,

Ina fata kuna lafiya. Takardarka ta daɗe a hanya, Maitama ya ce motarsa ce ta kwana biyu a gareji. Kafin ta iso, na haɗu da wata 'yar garinmu a coci, ta ce mini, "Baba Atu lafiya kuwa? An daina ganinsa a waje." A gaban mutane ta faɗa.

Sai ga takardarka, da hannunka ka rubuta: ya rame, shi kaɗai yake ci, ya ƙara wa wando ƙulli. Mark, ka karanta abin da ka rubuta kuwa? Mutumin da in ya kira gayya sai an yanka akuya, yau shi ne maƙeri ke yi wa dariyar kwano. Kun raba shi da abincinsa, kun raba shi da aminansa, kun zaunar da shi a gindin rumbu kamar baƙo, sannan ka ce mini magani ne. In haka ake tsawon rai, me za a yi da shi?

Da Mama tana nan da ba a yi haka ba.

Ga babban gwangwanin madara nan a hannun Maitama. Man shanu ne na Fulanin nan, ni na soya shi da albasa yadda Mama ke yi. Ka ba shi hannu da hannu, ka ce daga 'yarsa. Kada ka ba Murna ajiya, kada ka ɓoye. In ka ɓoye zan sani, ina zuwa Kirsimeti.

Batun idona kuwa, ka bar leƙen fuskar mutane. Tun kana yaro haka kake, sai ka zauna shiru kana ƙirga abin da ba a sa ka ba.

Fibi

*

Dayi, Nuwamba 2021

Yaya Fibi,

Ina gaishe ki da yara. Saƙonki ya iso, da takarda da gwangwani. Maganarki ta yi mini zafi, ba zan ɓoye ba. Murna ba ta ji ba, kuma ba za ta ji ba.

Na daɗe zaune da gwangwanin a cinyata. Na yi tunanin jefa shi cikin rumbu, amma ba nawa ba ne, kuma ke 'yarsa ce kamar yadda nake ɗansa. Na kai masa, na ce daga gare ki. Na kuma sake tuna masa abin da aka ce a asibiti, ya ce, "Na ji, kunnena bai toshe ba tukuna."

Ya buɗe murfin ya kai hanci. Ya jima a haka. Ya ce, "Har albasar ta bari ta yi ja, kamar uwarta." Ya rufe ya shige ɗaki da shi.

Da yamma ya kira Murna ya ce daga yau ta riƙa zuba masa kwano biyu, babba da ƙarami. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ɗora kwano kan kwano, ya saƙale gwangwanin a hammata, ya nufi ƙofar gidan Malam Maiwada. Tun ranar bai fasa ba. Kwanonin duka biyu suna dawowa a share, babban da maiƙo har sai Murna ta sa ruwan zafi da toka.

Abin da kike so ya samu. Yana dariya, ina jiyo muryarsa daga gida yana musu da Almustapha a kan farashin auduga. Wandon ma ya fara zama. Ƙwayarsa yana sha. Ban tambaye shi komai ba, ba zan iya leƙa kwanon ubana a gaban sa'o'insa ba. In na ji dariyarsa sai in ji daɗi, in na ga maiƙon kwanon sai in tuna tiyon nan.

Jiya ma ya tsaya a gangaren rafi. Dawa ta nuna, muna gama yanka zan kai shi babban asibiti ko da rigima.

Ƙanenki, Mark

*

Jos, Disamba 2021

Mark,

Ban san yadda zan fara gaisuwa ba. Yaya haƙuri? Yaya Murna?

Na zo jana'izar Baba na koma ban yi maka magana ba. Ka yi doguwar tafiya ka nemo inda waya ke shiga ka kira ni, ka yi ɗawainiyar komai, ni kuwa na zauna cikin mata na rufe fuska, gari na wayewa na bi Maitama. Ba fushi nake da kai ba. Idonka ne ban iya kallo ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta na shiga ɗakinsa in ɗauki hularsa. Na ga gwangwanina a ƙarƙashin gado. Na buɗe. Babu komai, har gindin an kankare da cokali.

Ka gaya mini, ka sake gaya mini. Ka ba ni misalin tiyo da laka. Ni kuma na zauna na soya lakar da hannuna, na sa albasa, na biya kuɗin mota aka kai masa. Kwano biyu kullum, da na karanta haka har rawa na yi a ɗaki, na ce na yi maganin taurin kan Mark.

Da na dawo na je an ɗebi jinina. Yana nan, ya hau sosai, likitar ta ce irin na gado ne. Ta duba idona na hagu kafin ma sakamako ya fito. An ba ni ƙwaya irin tasa. Tana nan a kan taga, ban ɓalle ko ɗaya ba. In na miƙa hannu sai in ga kamar ina cin rabon da na hana shi.

Na san an buɗe muku layi, ina ganin kiranka. Kada ka ƙara kira, ba zan iya ba. Ba zan zo Kirsimeti ba. Ka ce wa Murna ta yafe mini.

Fibi

*

Dayi, Disamba 2021

Yaya Fibi,

Ina gaishe ki, yaya haƙurinmu? Murna ta ce babu abin yafewa, ta ce ki ci abinci. Tunda kin ƙi ɗaukar waya, ga Maitama nan kuma. Ban san kin ga gwangwanin ba, da na sani da ban bar ki kin hau mota ba.

Ki zauna ki karanta a hankali, kada ki tsallake layi kamar yadda kika saba.

A makon da muke yankan dawa, wata yamma Baba ya fita ya manta ƙwayarsa. Murna ta ɗauki ruwa, na ɗauki ƙwayar, muka bi shi. Muka tsaya a bayan dalbejiyar ƙofar gidan Malam Maiwada muna jiran su gama, don kada mu shiga musu. Daga nan ana ganin tabarmar sarai.

Baba ya buɗe babban kwano ya tura tsakiya. Ya ciro gwangwaninki, ya ɗebo cokali guda ya ɗora a kan miya, ya jira ya narke. Ya ɗaga murya ya ce, "Daga Jos. 'Yata Fibi ce ta aiko, wadda ke koyarwa." Almustapha yana faɗar maganar tare da shi kalma da kalma, alamar kullum sai Baba ya faɗe ta. Ya goge cokalin a jikin tuwon babban kwano, bai ko lasa ba. Sannan ya jawo ƙaramin gabansa, wanda babu komai a kai, ya yi addu'arsa. Sai na ga Malam Maiwada ya bar babban kwano, ya muskuta ya matso, ya sa hannu a ƙaramin. Su biyu suka cinye shi.

Bai ci ba, Yaya. Ko sau ɗaya.

Bayan rasuwa Malam Maiwada ya ba ni sauran labarin. Ya ce ranar da Baba ya koma, ya ajiye gwangwanin a tsakiyar tabarma ya ce, "Ina da ciwo a jini, an hana ni mai. Amma gidana bai rasa mai ba, ga shi nan." Malam ya ce masa, "Shi ne ka ƙi tuwon Inno, ka bar ni ina ta binciken laifina? Atu, kai ba ka da kirki." Almustapha kuma ya ce, "Wato an hana ka tafiya da wuri, shi ne ka zo ka tura mu gaba." Ya ce sun yi dariya har Baba ya share hawaye. Washegari Inno ta fara raba miyarta kafin ta sa mai, don ya koma cin tuwon gidansu. Yawancin gwangwanin cikin Almustapha ya tafi, ni kuwa da na ji haka na sa shi gaba sai da ya je aka ɗebi jininsa.

Ni na san abin da zai ci, na san lokacin ƙwaya, amma na kasa mayar da shi kan tabarmar nan. Ba zai iya zuwa hannu wofi ya ce ba shi da lafiya ba. Gwangwaninki ne ya ba shi abin ajiyewa a gabansu kafin ya faɗa. Ba haka kika nufa ba, na sani. Amma haka ya yi da shi. Na so in rubuto miki, sai na ce bari ki zo Kirsimeti in tsayar da ke a bayan dalbejiyar ki gani da idonki.

Ranar da ya faɗi muna ɗaure dammunan ƙarshe ne, da safe. Mun riga mun sa ranar tafiya babban asibiti. Ya zauna a kan dami ya danne ƙirji, wannan karon bai ce dawa yake kallo ba. Kafin mu kai bakin titi ya cika. Na koma wurin likitan na tambaye shi ko abincin makonnin nan ne. Ya ce abin da ya toshe jijiyar Baba ya fara taruwa tun yana saurayi. Ya ce ƙwayar da gyaran abinci suna tsare mutane da yawa, musamman wanda aka gano nasa da wuri. Na Baba an gano a makare, zuciyar kuma ta jira dawa.

Ke ba ki makara ba. Ki ɗauko ƙwayar nan daga kan taga yau da yamma, ba rabon Baba ba ne, nasa ya sha har ranarsa ta ƙarshe. Ki koma a sake dubawa lokacin da suka ce, ki tambaye su batun yara. Ki zo Kirsimeti, Murna za ta nuna miki miyar waken. Malam Maiwada har yanzu yana barin wurin Baba a tabarma, ya ce yana so ya ga mai gwangwani. Na binne Baba, na taya binne Baffa. Ba na son wata takarda daga Jos da ba rubutunki ba.

In kin ɗauka lallashi ne na ƙirƙiro, ki zo ki tambaya. Ni ne ƙanenki Mark, kuma ba ni kaɗai na gani ba. Malam Maiwada ya gani, hannunsa na cikin ƙaramin kwanon. Almustapha Maƙeri ya gani. Inno ta gani daga bakin zaure. Murna ma ta gani, tana tsaye a bayana da kofin ruwa a hannu, tana kuka.